Taku Ɗaya a Bayan Maigida

Shekarun baya, lokacin ina tuƙa wani Alhaji a Zamalek, unguwar masu kuɗi a Alƙahira, na shiga wata gasa da ba ta irinmu ba ce. Wasunku sun ga lambar yabo rataye a bayana a hoto, suna ta tambaya. To ga labarin. Ni ban yi boko ba, ba kuma na son dogon zance. Ku karɓe shi yadda ya zo.

Ni ɗan masunta ne daga wajen Yawuri. Na iya iyo kafin na iya ɗaure wando. Wata ranar kasuwa jirgi ya kife da mu a tsakiyar Kwara. Na fita, ƙanena bai fita ba. Bayan sadakar arba'in na bar gida. Agadas, Libiya, sannan Masar. Abin da na gani a hanya ba zancen yau ba ne. Abin da za ku riƙe shi ne, tun daga ranar ban ƙara shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba, har shekara goma sha ɗaya.

Maigidana Bahaushe ne, tashin birni. Sana'arsa kawo marasa lafiya daga gida zuwa asibitocin Alƙahira. Ba mugu ba ne, yana ciyarwa. Kamfaninsa ne ke sabunta mini iƙama duk shekara, wato takardar zama, wadda in ba ka da ita ko tari ɗan sanda ya yi sai gabanka ya faɗi. Aibinsa ɗaya ne: ba a fin sa. Direban da na gada an kore shi ne don ya ce masa "ba nan ce hanyar ba" a gaban baƙi. Kuma ba nan ce hanyar ba.

Likita ya ce wa Alhaji ya rage teɓa. Maƙwabtansa Misirawa suna wata gasa da suke kira tirayatlon. Ka yi iyo, ka fito ka hau keke, ka sauka ka yi gudu, duk a jere ba zama. Alhaji ya ce shi ma zai yi. Kuma ta farkon shekara ya zaɓa, wadda ake yi a Bahar Maliya cikin watan Maris, ruwa bai gama sakin sanyin hunturu ba.

Hajiya, matarsa, ta kira ni ƙofar kicin.

"An ce kai ɗan ruwa ne."

"Haka aka ce, Hajiya."

"Mutumin nan ko a bahon wanka ban yarda da shi ba. Duk ruwan da ya shiga ka shiga. Amana na ba ka."

Haka aka sa sunana cikin 'yan atisaye a nadi, wato kulob ɗinsu. Mu wajen goma sha biyar ne, likitoci da injiniyoyi da ni. Mai koyar da mu wani busasshen Bamisre ne mai usur a wuya, kowa na ce masa kaftin. Ni kuma yana ce mini usta, yadda suke kiran direba.

Ranar farko suka ba ni wandon iyo. Ɗan kamfai ya fi shi mutunci. Na ɗora gajeren wandona a kai. Na tsaya a bakin kwamin iyon, ƙafata ta ƙi. Ruwa shuɗi, ana ganin ƙasansa, ba igiya ba komai, amma ni Kwara nake gani.

Kaftin ya busa usur. "Yalla ya usta! Ba shayi ba ne da za ka jira ya huce."

Na faɗa. Jiki bai manta ba. Sai dai iyon kogi nake yi, kai a sama, ido na yawo. Kaftin ya bi ni ta gefe yana ihu: "Me kake nema a sama? Babu kada a nan! Sa fuskarka a ruwa!" Sati biyu ya yi kafin ya tusa mini kai ƙasa. Daga nan abin ya zauna.

Wata uku muka yi, tun daga Disamba. Kafin assalatu nake barin ɗakinmu a unguwar Arba wa Nus, in shiga ƙaramar bas, in yi asuba a Zamalek, in fito da mota. Litinin da Laraba iyo. Talata da Alhamis gudu a gefen Nilu, hanci na zuba don sanyi. Juma'a da sassafe keke a hanyar hamada, bayan gari. Alhaji ya sayi sabon keke wanda yaro zai ɗaga da yatsa biyu, ya ba ni aron tsohonsa. In an gama su tafi su kwanta, ni in shiga cunkoson gari da marasa lafiya har magariba.

A nan zan gaya muku wautar da na yi.

A gidanmu in an fita su, bakin jirgin ƙarami ba ya wuce na babba. Ko hannunka ya fi nasa ƙarfi, sai ka kafa filafili a ruwa ka rage tafiya. Na taɓa mantawa ina ɗan shekara goma sha biyu. Mahaifina ya ɗora mini filafili a gadon baya. Amma shi babban ya sani. Ya san kana riƙe hannu, ka san ya sani, ba mai faɗa. In an dawo gida ya turo maka kan kifi mafi girma. Shi ke nan, an mutunta juna.

Na ɗauka duk Bahaushe ya san wannan.

Don haka a ruwa ina bayan ƙafar Alhaji. A keke ina bayan tayarsa. A gudu taku ɗaya a bayansa. Tun sati na uku na san zan iya barinsa inda ko ƙurata ba zai gani ba. In na ga zan taɓa shi sai in tsaya a bango in gyara tabaran iyo. A keke in matse birki a hankali. Na fi gajiya da riƙe kaina fiye da atisayen.

Shi kuwa agogo ya yarda da shi. Wani agogo ne a hannunsa mai faɗin komai, har bugun zuciya. Agogo ya ce ya riga ni, shi ke nan ya riga ni. Ya laƙaba mini suna, Sarkin Ruwa. Yana waya a mota ina tuƙi, in ji yana cewa, "Wallahi direbana ɗan masunta ne, amma kullum sai na jira shi." Na ce a raina wasa ne irin na manya, ya sani. Ina ta jiran kan kifi.

Wata Juma'a bayan keke an zauna cin ful, wato dafaffen wake, da gurasa a bakin hanya. Ina tsaye riƙe da kekensa. Ya nuna ni da cokali, ya ce wa abokansa da Larabci, don kowa ya ji:

"Wai babansa masunci ne. Ni dai ina jin a kasuwa yake sayo kifin ya jiƙa riga."

Suka tuntsire. Wani har ya ƙware.

Mahaifina ya yi shekara hamsin a kan Kwara. Shi ya nutsa ya fito da gawar ƙanena da hannunsa. Ranar na gane mutumin nan bai san komai ba. Bai san ana ba shi wani abu ba, balle ya gode. Na riƙe keken har suka gama ci.

Kaftin shi ya gani. Ya tare ni wata rana a bakin kwami.

"Ya usta, tabaran nan naka kullum lalacewa yake? Kawo in gani." Ya juya shi, ya miƙo mini. "Lafiyarsa lau. Birkin a cikin kanka yake."

"Ma'alish ya kaftin," na ce, wato a yi haƙuri.

"Ma'alish ba ta fitar da mutum daga teku."

Saura sati uku gasa ya tara mu. Ya ce ruwan Maris ba abin wasa ba ne, ba zai kai kowa teku ba sai wanda ya yi tsawon kwami talatin kafin ya busa usur na biyu. Wanda bai kai ba ya zauna gida.

Aka yi gwajin. Na bi bayan Alhaji kamar kullum. Yana ta fama, ina ta gyara tabarau. Ya taɓa bango na ƙarshe, kaftin ya busa usur, sannan na taɓa. Tsakaninmu bai fi tsawon mutum ɗaya ba. Shi ya ci, ni na faɗi.

Alhaji ya yi dariya har ya sha ruwa. "Sarkin Ruwa! Kar ka damu, za ka riƙe mini tawul a bakin teku."

Kaftin bai yi dariya ba. Ya ce, "Laraba mai zuwa gwaji na ƙarshe, kowa zai sake. Bayan shi khalas, an rufe."

Ban san na damu da gasar ba sai da aka ce ba za ni ba. Shekara goma sha ɗaya ina gudun ruwa, na dawo ya karɓe ni. Yanzu a ce in tsaya a tudu da tawul.

Abokina da muke ɗaki ɗaya Bahaushen Sudan ne. Gurasa yake rabawa a unguwar Ainu Shams, allon gurasa a ka, hannu ɗaya a kan keke, yana ratsa motoci. Da yamma muna shan shayi na gaya masa.

"Ya zol, iƙamarka yaushe za ta ƙare?" Haka 'yan Sudan ke kiran mutum.

"Afrilu."

"Gasa fa?"

"Maris."

"To wace ce ke ba ka tuwo a cikinsu?" Ya kurɓi shayi. "Kifi ba a tambayarsa takarda. Kai ana tambayarka. Ka riƙe tawul ɗin, ka riƙe da hannu biyu."

"Ya zagi mahaifina."

"Mahaifinka na Yawuri, bai ji ba."

"Ni na ji."

Ya dube ni, ya ce, "La haula. An gama da wannan."

Duk da haka na gwada ta hanyar ladabi. Ranar Talata mun maƙale a kan gada, na dube shi ta madubi.

"Ranka ya daɗe, gobe in Allah ya ba ni ƙarfi, ko a ba ni hanya?"

"Ka wuce ni?" Ya ajiye waya. "Bismillah, Sarkin Ruwa. Ranar da ka wuce ni a ruwa, ni zan tuƙa ka gida."

Wanda ya san manya ya san wannan ba izini ba ne.

Laraba ta zo. Aka busa usur, na bi bayansa. Wallahi har lokacin ban yanke shawara ba. Tsawo ɗaya, biyu, biyar, goma. Tafin ƙafarsa na gabana yana dukan ruwa. Wata uku ina kallon tafin ƙafar nan. Na san shi fiye da fuskarsa. Akwai kaushi a dunduniyar hagu. A tsawo na goma sha ɗaya na ji na ƙoshi da kallonsa.

Zan iya ce muku don amanar Hajiya na yi, kada ya shiga teku ba ni. Ƙarya ne. Don mahaifina na yi, da kaina.

Na zame gefe na wuce. Ban san haka ruwa ke da daɗi ba in babu kowa a gabanka. Na zagayo na same shi, na sake wucewa. Na kuma zagayowa, na sake wucewa. Na taɓa bango, na fito, na zauna. Kaftin ya dubi agogonsa, ya dube ni, ya ce, "Allah! Kai ɓarawo ne, ya usta. Wata uku kana sace mini wannan."

Alhaji ma ya ci gwajin. Ya fi na wancan satin sauri, fushi ya tura shi. Da abin ya tsaya nan da sauƙi. Sai abokansa suka tafa mini. Wanda ya ƙware da ful ran nan ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ya basha, ashe direbanka ya iya wuce mota."

A wurin ajiye motoci na buɗe masa ƙofar baya. Bai shiga ba.

"Tun yaushe?"

"Ranka ya daɗe?"

"Tun yaushe za ka iya abin da ka yi yau?"

"Tun sati na uku."

Ya zuba mini ido. "Wato wata uku kana yi mini ƙarya."

"Girmamawa ce, Alhaji."

"Girmamawa? Ka bar ni ina ta cika baki gaban mutane, kai kana baya kana kallona kamar mahaukaci? Wannan ce girmamawa?"

"Ba ni na sa ka cika bakin ba."

Da na haɗiye wannan, watakila da na tsira. Ban haɗiye ba.

"Ba ni makulli."

Na ba shi. Ya cika rabin alkawari. Shi ya tuƙa, amma ba da ni ba. Na taka zuwa tashar jirgin ƙasa, gashi bai bushe ba.

Washegari mai gadin gidansu ya kira ni. Ya ce Alhaji ya ce in huta, kuma a dawo da keke. Na kai keken. Hajiya ta leƙo ta ƙofar kicin, murya ƙasa ƙasa.

"Amanar fa?"

"Sunana na cikin masu tafiya, Hajiya. Zan shiga ruwan."

Ba korar ce ta fi ci mini rai ba. An kore ni a wurare da suka fi wannan muni. Kalmar ce. Ƙarya. Na tashi kafin assalatu cikin sanyi wata uku, ina danne hannuna da ƙafata don kada girman mutum ya zube, an zagi ubana na yi shiru, a ƙarshe ni ne maƙaryaci.

Keke ya zama matsala. Abokina ya zage ni tas, sannan ya ce in ɗauki nasa ranar gasa. Baƙin ƙarfe ne, ba giya, ƙararrawarsa ta fi birkinsa lafiya. Muka gyara birkin. Kaftin ya ara mini hular kwano, ya sa keken a saman bas tare da na sauran. Yana ta ƙamshin gurasa.

Ranar gasa ruwan kamar ana yanka mutum. Na nemo Alhaji cikin taro na tsaya kusa da shi. Bai dube ni ba. A teku na cika wa Hajiya alkawari. Na yi iyo a gefensa, ba a bayansa ba, tun daga shiga har fita. Bai buƙace ni ba, gaskiya ya yi ƙoƙari. Ni ne ma na manta teku ce, na kurkure baki da ruwan gishirin yadda muke yi a kogi. Na fito ina kakari, wata tsohuwar Baturiya na buga mini baya. Sarkin Ruwa ke nan.

A keke kowa ya wuce ni. Alhaji ya ɓace tun kwanar farko. Mata suka wuce ni, tsofaffi suka wuce ni. 'Yan kallo suna ihu, suna ce mini kawu da Larabci, "Ina gurasar, ya ammu?" Na kaɗa musu ƙararrawa. Da na sauka ƙafata kamar ta aro.

Gudu kuwa ba ya buƙatar kayan tsada. Na riƙa tsintar su ɗaya bayan ɗaya. Ana hango ƙofar gamawa sai ga bayan da na sani. Yana ɗingishi, yana jan ƙafar hagu.

Kun san me ya faru? Ƙafata ta rage gudu da kanta. Ban sa ta ba. Sai ga ni taku ɗaya a bayansa, kamar kullum. An kore ni, an karɓe keke, iƙama saura wata ɗaya ta mutu, ga ni ina bin bayansa. Na ji haushin kaina kamar in mari fuskata.

Bai waiwayo ba. Ya san numfashina.

"Har yanzu ba ka daina ba?" Da ƙyar maganar ta fito. "Wuce mana."

"Ba don kai na tsaya ba, Alhaji. Ƙafa ce ta saba."

Na wuce.

Iƙama ta mutu a Afrilu, kamar yadda abokina ya faɗa. Wata bakwai ina bin lungu, ina kauce wa manyan tituna. Abokina ya ciyar da ni gurasa har na tsani ƙamshinta, kuma duk safiya sai ya ce, "Ya zol, ci lambar yabonka mana." Daga baya kaftin ya samo mini aikin wanke kwamin iyo a wani nadi, aka gyara takarda. Yanzu ni ke zama a kujera mai tsawo ina sa ido kan masu iyo.

Ni da Alhaji mukan haɗu a filin Idi. Mu gaisa, kowa ya kama gabansa. Na san har yau yana ganin ƙarya na yi masa. Wani lokaci ina zaune a kan kujerar nan nakan ce yana da 'yar gaskiya, don na bar shi ya yi ta rawa ba kiɗa. 'Yar gaskiya, ba babba ba. In na tuna cokalin nan da ya nuna ni da shi, sai ita ma ta gudu.

Mahaifina ya koya mini kada in wuce jirgin babba. Bai koya mini in fara dubawa ko babban ya san dokar ba, don a Kwara kowa ya sani. Ban daina girmama na gaba da ni ba. Amma yanzu kafin in bi bayan mutum, sai ya ga gudun ƙafata sau ɗaya, ya san girman ba shi ake yi, ba ƙwata ya yi ba.

Lambar da kuke tambaya kuwa, ba ta wani abin kirki ba ce. Duk wanda ya gama an rataya masa irinta, har Alhaji. Tawa dai aka fara ratayawa kafin tasa.